Gwamnan da aka kashe a kan akushi: karatun Irmiya daga Gadarif

Akwai maganar da mutanen Sudan ba sa wasa da ita. In mutum ya ce maka tsakaninku akwai "milih da mulah", wato gishiri da miya, to ya gama rantsuwa. Kun sa hannu a tire ɗaya ke nan, ba zai cuce ka ba, ba kuma zai tsaya yana kallo a cuce ka ba. Hausawan Gadarif sun ɗauki maganar, suna jefa ta a tsakiyar Hausarsu kamar da ita kakanninsu suka taho. Shi ya sa ranar da na ba mai masaukina labarin Gedaliya, gwamnan da aka kashe a littafin Annabi Irmiya, bai tambaye ni wace shekara ce ba, bai tambayi su wane ne mutanen Babila ba. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, suna cikin cin abincin ya sare shi?" Na ce, "Suna ciki, Baba." Ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "Ai kisan ma da sauƙi."

Ni Bahaushe ne Kirista daga ƙasar Zazzau. Gyaran tarakta ya kai ni Wad Madani, ina can har watan Disamba na 2023 da garin ya faɗa hannun dakarun kai ɗaukin gaggawa, waɗanda kowa a nan ke ce wa Da'ama. Da 'yar jaka ɗaya na iso Gadarif. Wannan dattijo Musulmi ya buɗe mini ɗakin baƙinsa, sai da na kwana uku kafin zancen addinina ya taso, shi ma don ya ga ban fito sallar asuba ba ne ya zaci ciwo nake. A ɗakin nan na koma wa littafin Annabi Irmiya, na maƙale a sura ta 40 zuwa ta 43. Ba safai ake wa'azi a kansu a majami'unmu ba, don babu mu'ujiza a ciki, babu ayar da za a rubuta a bayan mota. Labari ne na abin da ke biyo bayan faɗuwar babban birni, sa'ad da hukuma ta watse aka bar masu makamai da talakawa su san yadda za su yi da juna.

A shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, wasu masana kan ce 587, rundunar Nebukadnezzar sarkin Babila ta fasa ganuwar Urushalima bayan ta yi wa birnin ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi. Sarki Zadakiya ya sulale da dare, aka cim masa a filayen Yariko, aka kai shi Ribla, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, sannan aka ƙwaƙule masa idanu. Aka ƙone Haikali da fada, aka tasa ƙeyar sauran mutanen birni zuwa Babila. Waɗanda aka bari su ne talakawan da ba su da ko taro, aka raba musu gonaki. Kufai ba ya biyan haraji, saboda haka Babila ta naɗa musu gwamna daga cikinsu, Gedaliya ɗan Ahikam, ya zauna a Mizfa, tafiyar 'yan sa'o'i a ƙafa arewa da Urushalima.

Gedaliya ɗan gidan mutunci ne. Kakansa Shafan shi ne magatakardan da ya karanta wa Sarki Yosiya littafin shari'a da aka tsinto a Haikali. Ubansa Ahikam shi ya tsaya wa Irmiya ranar da jama'a suka nemi a kashe shi. Da shugaban matsaran Babila, Nebuzaradan, ya kwance wa Irmiya sarƙa a Rama ya ce masa ya zaɓa, ko ya bi shi Babila a kula da shi ko ya zauna, gidan Gedaliya annabin ya nufa. Manufar gwamnan kuwa gajeriya ce: kada ku ji tsoro, ku zauna, ku yi wa sarkin Babila biyayya, ni zan tsaya muku a gabansu, ku dai ku je ku tara inabi da mai da 'ya'yan itace. Labari ya bazu, waɗanda suka gudu Mowab da Ammon da Edom suka fara dawowa, aka kuma yi girbi mai albarka. Duk wanda ya ga yadda mutane suka riƙa cika motoci suna komawa Madani bayan sojoji sun karɓe ta a Janairun 2025 ya san wannan yanayi. Gida ba ƙofa ba taga, amma dai gida ne.

To amma a idon wani, wannan mutumin kirki karen farautar maƙiya ne. A Sudan ta yau kalmar ita ce muta'awin, mai haɗa kai da abokan gaba, kuma kalma ce da ta ci rayuka a hannun ɓangarorin biyu. Likitan da ya ci gaba da duba marasa lafiya a garin da Da'ama ke riƙe da shi, ko mai gidan burodin da ya ƙi kashe tandarsa, muta'awin ne ko mai ceton rai? Ya danganta da wanda ya shigo garin gobe. Irmiya da kansa ya sha wannan tabo. Lokacin ƙawanya wani mai gadi ya cafke shi a Ƙofar Biliyaminu ya ce zai gudu wurin maƙiya ne, aka lakaɗa masa duka aka jefa shi kurkuku. Saboda haka da littafin ya gabatar da Isma'ilu ɗan Netaniya ya ce jinin sarauta ne, ya riga ya yi mana nuni. (Kada a ruɗe, wannan ba Isma'ilu ɗan Ibrahim ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya, ƙarnuka masu yawa ke tsakaninsu.) Ɗan gidan Dawuda na zaune, baƙi sun ɗora jikan magatakarda a kan kujera. Ina kyautata zaton Isma'ilu bai taɓa kallon kansa a matsayin maci amana ba. Mai kishin ƙasa yake ganin kansa, kamar yadda kusan duk masu irin aikinsa ke gani.

Akwai kuma mai hura wuta daga ƙetaren kogi. Ba'alis sarkin Ammonawa, wanda babban birninsa yake inda Amman ta Jodan take a yau, shi ya aiko Isma'ilu. Wannan ɓangaren ba sai an fassara wa ɗan Sudan ba.

Asirin bai ɓoyu ba. Yohenan ɗan Kareya da sauran shugabannin mayaƙan da suka saura a karkara suka zo suka gaya wa gwamna ƙiri-ƙiri. Bai yarda ba. Yohenan ya koma ya same shi a keɓe ya ce ya ba shi izini ya je ya gama da Isma'ilu ba wanda zai sani, don me za a bari a kashe ka jama'ar nan su sake watsewa? Gedaliya ya ce kada ka kuskura, ƙarya kake yi masa. A nan nake ganin masu karatu kan yi garaje. Wasu su ce Gedaliya waliyyi ne, wasu su ce wawa. Abubuwa biyu ya ƙi a lokaci ɗaya, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ya ƙi a kashe mutum a ɓoye a kan zargi, wannan kam ya kyauta, don gwamnatin da ta fara da kisan gilla da shi za ta ƙare. Amma ya kuma ƙi ya sa ido, ya ƙi ya bincika, ya ƙi ko da ya ce a ajiye takubba a zaure kafin a shigo cin abinci. Malaman Yahudawa na dā sun tattauna batun a Talmud, kundin koyarwarsu, hukuncinsu kuwa da zafi: ba a gaskata tsegumi, amma ana yin hattara saboda shi, kuma tun da Gedaliya bai yi hattara ba, sai aka lasafta masa jinin waɗanda suka mutu bayansa. Talaka in ya yi sakaci kansa ya jawo wa. Shugaba kuwa da wuyan mutane yake caca.

A wata na bakwai Isma'ilu ya zo Mizfa da mutum goma. Aka shimfiɗa musu, aka kawo abinci. Suna cikin ci suka miƙe suka sare Gedaliya, suka bi Yahudawan da ke tare da shi da sojojin Babila da ke wurin suka kashe. Har yau Yahudawa na azumin yini ɗaya saboda shi, ranar uku ga watan Tishri, da an gama bikin sabuwar shekararsu. Mai Zabura ya san irin wannan ciwo, a Zabura 41 yana kukan amininsa da ya ci abincinsa ya ɗaga masa diddige, kuma ayar nan Yesu ya ɗauko a daren da Yahuza ya sa hannu tare da shi a akushi.

Ba na cikin masu ɗaukar Littafi Mai Tsarki su riƙa liƙa sunaye, wane ne Isma'ilu, wane ne Gedaliya. Wannan gajeriyar hanya ce ta mayar da nassi takardar farfaganda. Sai dai salon abin bai sake ba. Umar al-Bashir ne ya kafa Da'ama a 2013, har ana cewa yakan juya laƙabin shugabanta Hamidti ya ce "Himayti", wato garkuwata. A Afrilun 2019 garkuwar na cikin waɗanda suka sauke shi. Ranar 25 ga Oktoban 2021 Burhan, hafsan sojojin Sudan, da Hamidti, shugaba da mataimakinsa, suka haɗa hannu suka kifar da gwamnatin Firayim Minista Abdalla Hamdok. Da aka zo batun narkar da Da'ama cikin soja, Burhan ya ce shekara biyu, Hamidti ya ce goma, sai ga shi ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, sun juya wa juna bindiga a tsakiyar Khartoum. Mutanen da suka sha ruwa a tire ɗaya ba sau ɗaya ba. Wata biyu bayan haka, ranar 14 ga Yuni, aka kashe gwamnan Darfur ta Yamma, Khamis Abakar, a Jinaina, 'yan sa'o'i bayan ya yi magana a talabijin yana zargin Da'ama da kisan jama'arsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗora alhakin a kansu da mayaƙan da ke tare da su, su kuma suka musanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Mizfa shi ne washegari. Ba wanda ya san abin da ya faru tukuna. Ga mutum tamanin sun taho daga Shekem da Shilo da Samariya, sun aske gemu, sun kyakketa riguna, sun tsattsaga jikinsu, suna ɗauke da hadayar gari da lubban za su kai inda Haikali yake. Masu makoki ne, ba ruwansu da wanda ke kan kujera. Isma'ilu ya fito taryarsu yana tafe yana kuka. A dubi wannan da kyau: ya karanci abin da ke ransu, ya ari hawayensu ya yafa, ya ce ku zo ku gaisa da Gedaliya. Da suka shiga tsakiyar gari ya karkashe su ya zuba a rijiya. Me suka yi masa? Littafin bai ba da dalili ba, kuma ina ganin rashin dalilin shi ne saƙon. Wanda ya zaro takobi don ya gyara siyasa, kafin rana ta sake fitowa ya wuce siyasar, yana kashe duk wanda ya gifta. Wuta ba ta tambayar danga ta wane ce.

Mutum goma daga cikinsu suka tsira. Suka ce kada ka kashe mu, muna da alkama da sha'ir da mai da zuma a ɓoye a saura. Da na zo nan mai masaukina ya yi dariyar da ba ta daɗi ba ya ce, "Matmura ke nan." Matmura rami ne da manoman wannan yanki ke haƙawa su binne dawa, ta yi shekaru ba ta lalace ba, in ba wanda ya binne ba babu mai sanin wurin. Mai kishin gidan sarauta ashe yana da farashi, buhun hatsi ne. Wanda ya bi ta irtikaz, wato shingen masu bindiga a kan hanya, ya ga an jera mutane a rana ana buɗe wayoyinsu, mai kuɗin turawa ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya wuce, marar shi ya zauna, ba ya bukatar mai tafsiri a wannan aya. Sannan ga wani ɗan bayani da marubucin ya saka wanda da farko na ɗauka surutu ne. Ya ce rijiyar nan Sarki Asa ne ya haƙa ta saboda tsoron Ba'asha sarkin Isra'ila, kimanin shekara ɗari uku kafin nan, lokacin da 'yan'uwa na kudu da na arewa ke yaƙar juna. Abin da aka tanada don tsaron gari shi ya koma kabarin bayin Allah. Da'ama ma don tsaro aka ce an kafa ta.

Wani abu kuma sai an yi karatun a natse ake lura da shi. Daga sura ta 40 aya ta 7 har ƙarshen sura ta 41, sunan Irmiya bai fito ba ko sau ɗaya, alhali an gaya mana yana Mizfa. Babu inda aka ce Ubangiji ya ce. Annabi na cikin gari, gwamna bai tambaye shi ba, Yohenan bai tambaye shi ba, sama kuma ta yi tsit ana yanka masu ibada. Littafin bai nemi ya wanke wannan shiru ba. Ni kam na fi samun natsuwa da haka a kan mai wa'azin da zai zo ya gaya wa uwar da ta binne ɗanta a tsakar gida dalilin da ya sa Allah ya yi haka.

Isma'ilu ya kwashi sauran mutanen Mizfa, har da 'ya'yan sarki mata, ya nufi Ammon da su. Yohenan ya tara mayaƙa ya bi sawu, ya cim musu a babban tafkin Gibeyon. Da kamammun suka hango shi suka juya da gudu wurinsa. Isma'ilu ya tsere da mutum takwas, kuma daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba a kama shi ba, ba a yi masa shari'a ba, labarin ya bar shi ya tafi da jinin a hannu. Waɗanda ba su yi komai ba su ne suka shiga uku, don an kashe wakilin Babila da sojojinta, runduna kuwa in ta zo ramuwa ba ta tsayawa tantance fuska. Tsoronsu ba na banza ba ne. Sura ta 52 ta ce a shekara ta 23 ta mulkin Nebukadnezzar an sake kwashe mutum 745 daga Yahudiya, masana da yawa na danganta wannan da kisan Gedaliya. Mazauna kanabi na Jazira, jihar da Madani take, wato ƙauyukan 'yan ƙwadagon gona, sun ɗanɗani irin wannan a farkon 2025, da aka bi wasunsu da kisa a kan zargin sun goyi bayan Da'ama.

Sai jama'a suka tattara, babba da yaro, suka zo wurin Irmiya. Yanzu aka tuna da shi. Suka ce ya roƙa musu Allah ya nuna musu hanyar da za su bi, suka rantse ko da daɗi ko ba daɗi za su yi biyayya. Magana mai kyau, sai dai a duba inda suke tsaye sa'ad da suke faɗarta. Ayoyin da suka gabata sun ce sun riga sun yada zango kusa da Baitalami, a kan hanyar Masar, da niyyar wucewa. Kaya a ɗaure, jaki ya fuskanci kudu, sannan ake neman shawarar Allah.

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana goma. Kwana goma cif, kowace ƙura ta tashi daga arewa sai gaba ya faɗi. Annabin da ya san abin da zai faɗa tun ranar farko, don shekara da shekaru yana faɗar abu ɗaya, bai buɗe baki ba sai da aka ba shi. Da amsar ta zo ta ce ku zauna a ƙasar, zan gina ku ba zan rushe ku ba, zan dasa ku ba zan tumɓuke ku ba, kada ku ji tsoron sarkin Babila. In kuwa kuka ce sai Masar, inda ba za ku ji ƙahon yaƙi ba, ba za ku rasa abinci ba, to takobin da kuke gudu zai tarar da ku a can. Nan take suka ce ƙarya kake yi, ba Allah ne ya aiko ka ba, Baruk magatakardanka ne ke zuga ka don ya bashe mu a hannun maƙiya. Yohenan da aka ce wa maƙaryaci ranar da ya faɗi gaskiya, yau shi ke cikin masu ce wa annabi maƙaryaci. Cin amana in ya ratsa al'umma, ba a gawar da ya bari yake tsayawa ba. Yakan bar mutane ba sa iya yarda da kowa, duk mai magana sai an nemi wanda ya turo shi.

A nan dole in ja birki, don na taɓa jin an yi amfani da wannan sura a kan 'yan gudun hijira, abin kuma ya ɓata mini rai. Mutanen Sudan fiye da miliyan ɗaya sun shiga Masar tun da yaƙin nan ya fara. Sun kwana a layi a Wadi Halfa da Argin, da Masar ta tsaurara biza a Yunin 2023 har kan mata da yara da tsofaffi, wasu suka bi ta sahara a bayan motocin 'yan fasa-ƙwauri. Wanda zai buɗe Irmiya 42 ya ce musu rashin bangaskiya ya kai su, bai karanta sauran littafin ba. Irmiyan nan ne a sura ta 29 ya rubuta wa waɗanda ke Babila ya ce su gina gidaje, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin baƙuncinsu. Masar ɗin nan ce mala'ika ya ce wa Yusufu ya gudu da Maryamu da jariri Yesu saboda Hirudus. Yesu da bakinsa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu wancan. Laifin mutanen Yohenan na wani wuri dabam. Sun yanke hukunci, suka zo neman Allah ya buga musu hatimi, da ya ƙi suka ce hatimin jabu ne.

Hausawan Sudan kuwa su ne ya fi kamata su gane nauyin wannan tambaya ta zama ko tafiya, don daga cikinta da yawansu suka fito. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Waziri Buhari kuma ya zauna, ya yi sulhu da Turawa don jama'ar da ba su iya tafiya ba, bayan ya nemi fatawar malamai, ransa kuma bai huta da batun ba. Na tambayi mai masaukina wa ya fi gaskiya a cikinsu. Ya ce, "Kai dai yaro ne. Kowannensu da kuka ya yi abin da ya yi."

Ni ma na yi irin ta Yohenan, ba sai na je da nisa neman misali ba. A ƙarshen Yunin 2024 Singa, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗa hannun Da'ama, mutanen Sinnar suka riƙa kwararowa Gadarif cikin ruwan damina, jita-jita ta cika gari cewa mu ne na gaba. Na je tasha na biya kuɗin kujera zuwa Kassala, na dawo ɗaki na rufe ƙofa na durƙusa ina cewa ya Ubangiji ka nuna mini nufinka, tikitin na cikin aljihun rigata ina jin kaifin takardar a ƙirjina. Da na ba dattijon labari ya ce ai su a wurinsu an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, to sayen tikiti ɗaure raƙumi ne, ba laifi. Na ce, "Baba, ni ban ɗaure shi ba, hawa na yi na ba shi linzami, sannan nake tambayar hanya." Ban tafi ba a ƙarshe, amma kada a ɗauka wahayi na samu. Ƙafar matarsa ce ta kumbura, babban ɗansu ba ya gari, na ga ba zan iya sa ƙafa in bar su ba. Da Da'ama ta shigo, da wataƙila yau wani ke ba da labarina a matsayin wawan da ya ƙi gudu.

Akwai wata rijiya kuma a littafin, surori kaɗan kafin ta Asa, kuma ɗan ƙasar nan ne ya tsaya a bakinta. Lokacin ƙawanya fadawa suka jefa Irmiya a rijiyar da ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki, sarki ya ce shi ba yadda zai yi da su. Sai wani bawan fada baƙo, Ebed-melek, ya ji. Wasu fassarori kan ce mutumin Habasha, amma kalmar asali Kush ce, ƙasar da ke kudu da Masar, wadda dalar sarakunanta ke tsaye har yau a Bajrawiya kusa da Shandi. Sunan nasa ma ma'anarsa bawan sarki ce kawai. Ya je ya sami sarki yana zaune a Ƙofar Biliyaminu, a bainar jama'a, ya ce abin da mutanen nan suka yi mugunta ce, annabin zai mutu da yunwa. Aka ba shi izini da mutane. Kafin ya nufi rijiyar sai da ya biya ta wani ɗakin ajiya a fada ya kwaso tsummoki da tsofaffin riguna, ya zura wa Irmiya da igiya, ya ce ka sa waɗannan a hammatarka kada igiyar ta yanke ka. Birni na shirin faɗuwa, yunwa na kashe mutane, shi kuma yana tunanin fatar hammatar wani tsoho. Duk sa'ad da na wuce takiya, inda matasa da mata 'yan sa-kai ke dafa adas, wani irin ƙaramin wake, a manyan tukwane suna raba wa waɗanda yaƙi ya koro, na ga wata tana hura wa yaron da ba nata ba kwanonsa kafin ta miƙa masa, tsummokin nan nake tunawa.

Shi wannan baƙo ne Allah ya aika wa saƙo na musamman a sura ta 39, ya ce masa ka dogara gare ni. Alkawarin da aka yi masa kuwa ɗan kaɗan ne. An gaya masa ƙarara birnin zai faɗi a kan idonsa. Ba a ce za a bar masa gida ko muƙami ba. An ce dai ba za a bashe shi ga waɗanda yake tsoro ba, zai fita da ransa kamar ganimar yaƙi. Haka aka gaya wa Baruk a sura ta 45, har da ƙarin cewa kada ya nemar wa kansa manyan abubuwa. Irmiya kuwa, da ya zaɓi zama sa'ad da aka yi masa tayin hutu a Babila, ya kuma ce wa jama'a su zauna, sai ga shi an tasa shi gaba tare da Baruk har Tafanes ta Masar, ƙasar da ya ce kada a je. A can ya ci gaba da aikinsa, a can kuma littafin ya rabu da shi.

Bayan sojoji sun karɓi Madani na je duba garejina. Babu ƙofa, babu janareta, babu akwatin kayan aiki, har wayoyin wuta an zare daga bango. Na tsuguna ina tona ƙura da hannu, na ci karo da sifana ɗaya, lamba 17. Na goge ta da gefen riga na sa a aljihu, na kama hanyar tasha, don dattijon ya ja mini kunne kada in bari magariba ta yi mini a hanya.